Kunnen Kotu da Maganar Mai Shinge

A babbar kotun tarayya, ɗaki na uku a hawa na biyu, akwai wata kujera marar hannu a gaban teburin alƙali, daga ƙasa. Shekara ashirin da shida mace guda ke zama a kanta. Masinjoji da lauyoyi Kunne suke ce mata, har alƙalai ma in sun tuɓe rigar aiki. Aikinta shi ne ta rubuta duk kalmar da aka furta a ɗakin, ba ƙari ba ragi. Na'urar da take aiki da ita ba ta fi kwalin takalmi girma ba, tana tsaye kan ƙafa uku, maɓallanta baƙaƙe, babu harafi ko ɗaya a kansu. Takan danna uku ko huɗu a tare, kalma ta fito ɗungurungum kafin mai maganar ya rufe baki.

Mahaifinta tela ne, ya so ta gaje shi. Wata uku ta yi tana karya masa allura, ran nan ya ɗaga wata riga da ta ɗinke wa wuya ruf, ya ce, "Hannunki da sauri, 'yar nan, amma ba a kan yadin mutane ba." Washegari ya kai ta makarantar koyon keken rubutu. Daga can ta ci jarrabawar kotu, ta shekara biyu tana koyon gajeren rubutu har yatsunta suka daina jiran izininta.

Mijinta mai gyaran agogo ne, mutum mai barkwanci. Yakan gaya wa abokansa, "Duk garin nan ni kaɗai ne ba na iya musun abin da na faɗa jiya. Sai ta karanto min shi har da tarin da na yi a tsakiya." 'Ya'yansu uku sun tashi sun san in suna faɗa suka ga yatsun uwarsu na motsi a kan gwiwarta, sai babbar ta ce, "Ku yi a hankali, Mama na ɗauka."

A kotu kuwa fuskarta ba ta nuna komai. Ta ji abin dariya ta haɗiye, ta ji abin da ke hana cin abinci ta haɗiye. Ba ta magana sai in lauyoyi biyu sun hau kan juna da surutu, nan takan ɗaga hannu ta ce, "Ɗaya bayan ɗaya, don Allah. Kunne biyu gare ni, amma takarda ɗaya ce."

Wata shekara aka kawo shari'ar haɗarin da jirgin ƙasa ya yi da wata motar haya a mahaɗar hanya. A rana ta huɗu aka kira mai shinge, wato tsohon da ke sauke ƙarfen tare motoci in jirgi na tafe. Siriri ne, rigarsa ta sha guga, yana riƙe da gefen akwatin shaida da hannu biyu. Ya yi bayani dalla-dalla: ƙarfen ya daɗe yana maƙalewa, sau uku yana kai rahoto, ranar kuma ya ƙi sauka gaba ɗaya. Ya ruga tsakiyar hanya da jan ƙyalle, amma direban motar bai gan shi da wuri ba.

Lauya ya ce, "Bayan nan me ka yi, Baba?"

Tsohon ya ce, "Na ciro wata yarinya ta taga. Tana da rai, har yau tana nan. Takalminta ɗaya ya fita. Da na miƙa ta, sai na koma cikin ƙarafan ina neman takalmin. Mutane na ihu, ni ina neman takalmi." Daga nan muryarsa ta yi ƙasa, ta koma kamar mai magana da kansa.

Kunne ba ta ji ba. Ta san abin da za ta sa shi maimaitawa ba mai sauƙi ba ne, amma ba ta taɓa cike gurbi da zato ba. Ta ɗaga hannu. "Ya mai shari'a, ƙarshen ya wuce ni."

Tsohon ya juyo ya dube ta, sai a lokacin ya lura da ita. Bai kalli alƙali ba, ita ya gaya wa. "Na ce ja ne, mai igiya. Irin wanda na saya wa 'yata tana ƙarama. Tun ranar ban iya haɗa ido da 'yata ba, sai in ga kamar ita na ciro. Ban gaya mata ba. Ban san yadda ake faɗar irin wannan ba."

Lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce wannan bai shafi shari'a ba, alƙali ya yarda, aka wuce. Amma maganar ta riga ta shiga takarda. Daga baya kotu ta wanke tsohon daga zargin sakaci, ta ɗora laifin a kan waɗanda suka ƙi gyara ƙarfen.

Bayan wata takwas, wata safiya Kunne na ƙaramin ofishinta mai taga ɗaya tana duba aikin jiya, aka ƙwanƙwasa. Wata mata ce da ba ta wuce shekara talatin da biyar ba, malamar makaranta, har da ƙurar alli a hannun rigarta. Tana rungume da takardu masu hatimin kotu.

"Anti, ke ce kika sa hannu a ƙasan nan? Ni 'yar mai shinge ce. Baba ya rasu wata biyu da suka wuce."

Kunne ta yi mata gaisuwa, ta kwashe fayiloli daga kan kujera ta ba ta.

Matar ta buɗe shafi na goma sha ɗaya, gefensa duk ya yi laushi don taɓawa. "Shekara biyu Baba ba ya kallona. In na shigo sai ya sunkuyar da kai. Na ɗauka fushi yake da ni, na yi ta neman laifina ban gano ba. Da ya rasu na ce bari in nemi abin da ya faɗa a kotu, ko don in ji maganarsa. Anti, tsakani da Allah, haka ya faɗa? Ba ki gyara masa ba?"

"'Yata, ban taɓa gyara wa kowa magana ba. Ko alƙali ya yi tuntuɓen harshe, da tuntuɓen nake rubutawa."

Matar ta yi 'yar dariya hawaye na zuba. Ta ɗora yatsa a wani layi. "Nan kin rubuta, shaida ya yi shiru. Shirun ya daɗe?"

Kunne ta dubi layin. Ita abin da aka furta aka ɗauke ta ta adana, ba abin da ido ya gani ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta shi. Amma shari'a ta ƙare, kuma a bainar jama'a aka yi ta. Ta ja kujerarta kusa.

"Ya daɗe. Ya nemi ruwa, aka ba shi, bai sha ba, riƙe kofin kawai ya yi. Da ya zo kan takalmin nan sai ya auna girmansa da yatsu biyu, ɗan mitsitsi haka. Kuma da ya ce 'yata, murmushi ya yi. Sau biyu ya faɗa, sau biyu ya yi murmushi. Wannan ba shi da maɓalli a na'urata, amma na gani."

Matar ta kifa kai a kafaɗarta ta yi kuka mai isarta. Kunne ta bar ta, tana shafa mata baya, har masinja ya leƙo sau biyu ya koma.

Ranar ce kaɗai a duk aikinta ta shiga kotu a makare. Alƙali na zaune, lauyoyi na zaune, ba a fara ba, don ba a farawa sai da ita. Alƙalin ya dube ta ta saman tabarau.

"Kunne, lafiya?"

"Lafiya lau, ya mai shari'a. A yi haƙuri."

Ya ga idanunta, bai ƙara tambaya ba.

Bayan shekara uku ta yi ritaya. Malamar ba ta yanke zumunci ba. Duk ƙarshen wata takan zo gidan da 'yan matanta biyu, waɗanda suka ɗauki Kunne kakarsu ba tare da an ce musu ba. Suna zuwa suke zarcewa bayan gida, inda Kunne ta shuka tumatir a cikin tsofaffin bokitai, su tsinke har ɗanyen. Takan tsaya a bakin ƙofa tana yi musu faɗa, amma ita ke miƙa musu kwanon da za su zuba.