Fangalina na Jikin Shinge

Har yau in na ji ana cewa maki ba ya ƙarya, sai raina ya ɓaci. Ni dai ya yi mini ƙarya, a makarantarmu ta firamare da ke bakin Zango, a Kwatano.

Zamanin juyin juya hali ne, kowa ya koma kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har malaminmu. Aka ce ɗan makaranta ba alƙalami kaɗai zai riƙe ba, sai ya noma. Aka yanka filin bayan aji, kowa da fangalinsa na alayyafo, kuma za a ba da maki a kan abin da ya fito, a haɗa da na lissafi da na Faransanci.

Wajen rabon aka cuce ni. Malam bai yi ƙuri'a ba, jerin sakamakon da ya wuce ya bi. Na ɗaya ya sami gindin rijiya, na biyu kusa da shi, haka har ƙarshe. Ni kuwa na sha zazzaɓi lokacin waccan jarrabawa, na zo can ƙasa. Sai aka ba ni jikin shinge, yashi zalla, inda ruwa ke ɓacewa kafin ka ajiye gwangwani.

Babana dillalin raguna ne, kuma ya riga ya gaya mini: in aka ce in maimaita aji, karatu ya ƙare, in kama wa inna tallan waina. Don haka na dage. Taki a ka nake ɗauko shi daga turkenmu, yara suna toshe hanci suna dariya. Ruwa kuwa har wuyana ya ƙage. Alayyafo ya tashi kore shar. A aji ma na farfaɗo, lissafina ya yi kyau.

Sai Layya ta gabato. Baƙi daga Nijar suka sauke raguna, Zango ta cika, aka rasa wurin ɗauri sai jikin shingen makaranta. Ranar da za a duba lambu na tarar raguna sun cinye alayyafona, sai kara tsaye, ba ganye ko na magani. Na gindin rijiya ko kusa da su baki bai kai ba.

Na ce wa malam, "Kamarad, ai ka gan shi jiya da idonka."

Ya ce, "Na gani. Amma abin da ke gabana yau nake aunawa. In na yi miki alfarma, ina adalci?"

Adalci! Wai shi ne mai tsoron zalunci. Ya rubuta sifili hankalinsa kwance, sifilin ya ja sauran makina ƙasa, aka ce in maimaita.

Na yi wa Baba bayani ina kuka. Ga mari ga tsinka jaka, rabin ragunan nan shi ne dillalinsu. Bai iya karatun boko ba, amma ya juya takardar ya ce, "Malami ya fi mu sani. Takarda ba ta ƙarya."

Da aka koma makaranta na biyo ta wurin da farantin waina a kaina. An sake rabo. Wata yarinya ƙarama, ita ma daga ƙasan jeri, tana tsugune a fangalina tana ba yashin ruwa da iyakar ƙarfinta.