Wanda Aka Taɓa Shi Ke Faɗa

Shekarun Ovide Darrigade saba'in da takwas, kuma a zauren wasan takobi na garin Lectoure babu wanda ya kai shi daɗewa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a kan keke kafin ya ajiye aiki.

A zauren nan, ranar atisaye ba a jona na'urar ƙirga suka. Wanda tsinin takobi ya taɓa, shi ne zai ɗaga hannu ya ce an taɓa shi. Babu alƙali sai bakin mutum.

A 1971 aka haɗa Ovide da amininsa Firmin Labarthe, mai gidan burodi, don a fid da wanda zai wakilci garin a gasar birnin Toulouse. Ovide ya soke shi a ƙasan haƙarƙari, har ya ji takobin ya lanƙwashe. Firmin bai ɗaga hannu ba. Shi aka tura.

Ovide ya tashi ne da wani tsohon littafin jaruman takobi da kakarsa ke karanta masa, inda mai ramuwa ba ya gaggawa. Sai ya ɗaura ɗamara: duk Alhamis zai kira Firmin fili, ya yi ta sukarsa a gaban jama'a. Haka aka yi sama da shekara hamsin. Ba ya cin burodin Firmin, sai ya taka har ƙasan gari ya sayo wanda shi kansa ya san bai kai shi daɗi ba.

Bara idanunsa suka dushe. Shugabar zauren, Madam Solène, ta kira shi gefe ta ce ba zai ƙara riƙe takobi ba sai an sami wanda ya yarda ya tsaya da shi, ya ɗauki nauyinsa. Matasa suka sunkuyar da kai. Ovide ya fara naɗe kayansa, sai ya ji muryar Firmin daga bayansa.

"Ajiye jakar nan, tsoho. Ina za ka?"

"Ni da ba na ganin inda takobina ya sauka? Wa zai faɗa mini?"

"Ni mana."

"Kai? Ai gara in ba kura ajiyar nama."

"To kurar ce kaɗai ta rage maka, makaho. Sa marufin fuskarka."

Karon farko Firmin ya ɗaga murya sau biyar a jere cewa an taɓa shi. Ovide ya sauke takobi.

"Na huɗun iska na soka. Da ka cuce ni, yanzu kuma sadaka za ka ba ni? Duk ƙarya ce, ba na so."

 Firmin ya ce, "Na huɗu da na biyar. A koma uku."

Tun ranar lissafinsa bai ƙara karkata ba, ko don Ovide ko don kansa. Ovide yakan ce ba don mutumin nan ba, da yanzu yana zaune bakin taga yana sauraron motoci. Amma a bayan idonsa yake faɗa.

Alhamis ɗin da ta wuce an ci Ovide biyar da biyu. Washegari da safe ya lallaba da sandarsa zuwa shagon Labarthe, wanda 'yar Firmin ke riƙe da shi yanzu, ya sayi burodi ɗaya, ya ce mata gishiri ya ɗan yi yawa.