Mangwaron da Ya Nutse a Baho

Lambunmu yana bayan Mabai, daf da daji. Da can Baba kullum yana ciki, ido kawai yake ɗagawa ya san mangwaro ya ƙosa. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, shiga lambun ta zama sai da addu'a. Ga mai motar da ke zuwa sayen mangwaronmu daga Ƙanƙara ya ce sau ɗaya zai zo. In an tsinka da wuri ya yanƙwane da tsami, in an makara ya ruɓe a hanya.

Ni da shegen karambanina na ce zan samo dabara. Na taɓa ji a makaranta cewa mangwaron da ya ƙosa nutsewa yake a ruwa, ɗanye kuwa ya taso. Na gwada da na bishiyar tsakar gidanmu. Wanda ya nutse in ɗiga mishi gawayi, in rufe su duka a kwali. Masu gawayin suka nuna jawur, sauran suka yamutse. Kai, ranar har rawa na taka! Baba ya yi dariya ya ce, "To, likitar mangwaro."

Daga nan aka tsara: ranar kasuwa ya leƙa lambu a gurguje, ya tsinko kaɗan, ni in gwada. Ranar da suka nutse, washegari zai kwashi masu tsinka su wuni a can.

Sai a lokacin na gane abin da na jawo. Muddin suna tasowa, Baba ba zai wuni a lambun ba. Wallahi na koma ina roƙon Allah kada su ƙosa.

Wata Talata ya dawo ya juye su gabana. A makon ne aka ɗauke wani maƙwabcinmu a gonarsa. Na saki na farko a bahon ruwa, ya tafi ƙasa kamar dutse. Na biyu ma haka.

Na ce, "Baba, ruwan ne da laka, bari in sake."

Ya ce, "Ke, ruwan rijiya ne, ni na jawo shi."

"Don Allah a ƙara mako guda."

Ya daɗe yana kallon gindin bahon. Ya ce, "Ai ke kika ce gwajin ba ya ƙarya." Ya sa takalmansa ya fita neman masu tsinka, ni kuma ina durƙushe, hannuna cikin ruwa har gwiwar hannu.