Ƙudan da ke Kan Inabi

Warin kananzir ne ya cika rumfar tsakar gidanmu da hantsin nan, don da shi nake wanke burushi. Har yau idan na ji shi, duhun wani zane nake gani.

Na gama sakandare a Kaura Namoda ina jiran sakamako. Wata malama da ta zo bautar ƙasa ta ba ni ragowar fentin mai da hoton wani tsohon zanen Turawa, ta ce in kwaikwaye shi, kada in ƙara kada in rage. Farantin azurfa ne, da inabi, da lemon tsami da aka fere rabi, ɓawonsa na reto a bakin tebur. Bayansu duhu kamar cikin rijiya.

Baba direban motar hatsi ne tsakanin Kaura da Shinkafi. Bai hana ni ba, sharaɗi ɗaya ya kafa.

"Ɗiyata, zana tulu, zana kwano, zana abin da kike so. Amma ran da na ga abu mai rai, kayan nan sun bar gidana."

A kan falanki na yi aikin. Malama ta koya mini in fara shafe shi da ruwan ƙasa mai duhu, in bari ya sha iska, sannan in riƙa ɗora launi siriri a kan siriri. Haske ne ƙarshe. Fentin mai ba ya son gaggawa. Sai in yi ɗan aiki, in yi kwanaki ina kallonsa yana bushewa. Ban taɓa cin inabi ba lokacin, amma na san inda rana ke zama a jikin kowane ɗaya.

Sai da na kusa gamawa na lura da wani ɗigo a kan inabin gefe a cikin hoton. Na ɗauka datti ne, na kankare da farce, bai fita ba. Ƙuda ne, da fukafukansa da ƙafafu. Na gwada barinsa ban zana ba, sai inabina ya zama kamar na roba. Da hantsin nan na ɗauki burushi mafi siriri na zana shi.

Baba ya dawo bayan azahar, ya tsaya kan zanen. Ya kaɗa hannu. Ya sake kaɗawa.

Inna na tankaɗe, ta fashe da dariya. "Malam, ko ka wuni kana kora, wanga ba ya tashi."

Ya sunkuya ya duba sosai, ya miƙe, ya shige ɗaki. Na tattara fentin cikin leda na ajiye bakin ƙofa, don kada ya sha wahalar nema.

Washegari ya fita da babur, bai ce inda za shi ba. Da la'asar na dawo daga gidan maƙwabta na tarar kan ƙudan ya goge, saura fukafukai da ciki. Na ce gefen zanin Inna ne ya shafa. Na ɗauko burushi zan gyara.

"Ke, bar shi haka nan," in ji ta. "Ba ki gaji da ƙuda ba?"

Na bari. Ledar ta yi ta zama bakin ƙofa, ba wanda ya taɓa, har na mayar da ita rumfa. Ranar kasuwar Shinkafi Baba ya kawo mini sabon falanki, ya jingine shi a rumfa.

Ina jami'a Inna ta gaya mini. Garin Gurbin Bore Baba ya je ranar, wajen tsohon malamin da ya karantar da shi. Malamin ya ce masa idan babu kai, abin bai zama surar mai rai ba. Da babban yatsansa Baba ya goge kan ƙudan, kuma Inna ta ce fentin bai taɓa fita daga aljihun farar rigarsa ba, inda ya shafe yatsan.