Mushe Kailu Inusa da Alamomin Bangon Adjamé

Haihuwa da karatu

An haifi Kailu Inusa a shekarar 1961 a Treichville, cikin birnin Abidjan. Mahaifinsa Alhaji Inusa falke ne ɗan asalin Tawa, mahaifiyarsa kuwa Tsahara. Ya sauke Alƙur'ani a 1973, ya kammala lakwal, wato makarantar boko, ya sami shahadar koyarwa a 1983. A 1986 ya auri Haulatu.

Koyarwa

A 1991 wata makarantar Larabci da Faransanci a Adjamé Liberté ta ɗauke shi aiki, inda aka san shi da Mushe Kailu, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ya tarar da ɗalibai suna rera lissafi kamar waƙa, alhali ba su san abin da ya raba 15 da 150 ba, kuma babu wanda abin ya dama. A 1996 ya haɗa darasin gurbin lamba da na falaki. Ya zana rana a ƙofar makaranta, ya ɗauki mita ɗaya a matsayin kilomita miliyan, ya fita da aji da igiyar awo. Duk inda nisan ɗaya daga cikin duniyoyin da ke kewaya rana ya faɗo, sai ya nemi izinin mai gida, ya ɗiga jan fenti a bango, ya rubuta nisan a gurbi huɗu: dubbai, ɗaruruwa, gomomi, ɗaiɗai. Duniyarmu 0150 ce. Mushtari, babbar cikinsu, 0778, ta faɗo a bangon Alhaji Labaran, shugaban kwamitin iyaye. Ta ƙarshe sai da aka haye gada zuwa Treichville.

Tuhuma

Bayan rikicin tawayen sojoji na Satumba 2002, jita-jita ta cika unguwa cewa ana yi wa gidajen baƙi alama. A Oktoba wasu masu kaki suka bincike gidan Alhaji Labaran, suka tafi da ƙanensa Mansur, wanda ya shafe wata huɗu a tsare. Nan take aka tuna da jan ɗigon. Aka ce lambobin na sirri ne, don mutumin kirki ba ya fara lamba da sifili. Aka ce Faransancinsa ya yi kyau da yawa. Mutanen da suka ba shi izini da bakinsu shekara shida baya suka yi shiru.

A zaman kwamiti na Janairu 2003, Alhaji Labaran ya ce masa, "Mushe, yara muka ba ka ka ƙirga, ko gidajenmu?"

Ya amsa, "Alhaji, ga igiya. Daga ƙofa zuwa bangonka, a auna."

Aikin bai fi tafiyar minti ashirin ba. Cikin dattawa goma sha ɗaya babu wanda ya tashi daga tabarma. Aka sallame shi ranar, aka bi bangaye da farar ƙasa.

Shekarun ƙarshe

Daga 2003 ya koma rubuta tikiti a tashar mota ta Adjamé. Sau uku ya rubuta wa kwamiti takarda yana neman a wanke sunansa, ba a amsa ko ɗaya ba. A masallaci ana ba shi hannu, amma ana sauya magana idan ya zauna.

Rasuwa

Ya rasu ranar Talata, 5 ga Afrilu 2011, sakamakon ciwon suga, a makon da yaƙi ya rufe kantunan magani. An binne shi a maƙabartar Williamsville, mutum tara ne suka yi masa salla. Ya bar matarsa Haulatu da 'ya'ya huɗu: Abdulra'uf, Sharhabilu, Hajara, da Bushira, wadda ta ɗauki igiyarsa ranar sadakar arba'in, ta auna a gaban jama'a daga ƙofar makaranta zuwa bangon Alhaji Labaran. Mita ɗari bakwai da saba'in da takwas ne. Allah ya jiƙansa.