Kunnen Baba da Babur ɗin Mai Kifi

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. In yana son abu daga gare ni, bango yake fuskanta ya faɗa, ko ya aiko ƙanwata. Ni kuma ba na haɗa ido da shi, balle in ce masa ga yadda za a yi. Mutane suna yabon wannan, wai kunya ce, wai tarbiyya. To, ni dai na ga abin da ta ci mana, kuma har yau in na ji ana yabonta raina ɓaci yake yi.

Baba mai gyaran babur ne, rumfarsa tana bakin hanyar da ke gangarawa tafki a Madarumfa. Abin da aka san shi da shi karbirato ne, ƴar tukunyar nan da ke gauraya esansi, wato fetur, da iska kafin inji ya sha. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfen tagulla da bai kai ƙwayar wake ba, mai huda a tsakiya, shi ake kira jiklar. In hudar ta yi faɗi, babur ya sha fiye da kima, ya riƙa tari yana baƙin hayaƙi. In ta yi ƙanƙanta, ya ji ƙishirwa, ya ɗau zafi har pisto, ƙarfen da ke kai-komo a cikin inji, ya kama. Baba yana da su cike da gwangwanin tumatir, tsofaffi, lambobin jikinsu duk sun goge. Sauran masu gyara in sun canza jiklar sai sun hau babur sun je sun dawo, su kwance buji, wato fulogi, su duba: in ya yi launin ƙuli-ƙuli an dace, in ya yi fari fat kamar toka akwai ƙishirwa. Baba ya bar wannan wahalar tun ina ƙaramin aji. Shi murɗa hannu kawai yake yi, ya karkata kai, ya saurara. Daga Safo, daga Gabi, har daga ƙetaren iyaka ake turo masa babura saboda kunnen nan.

Na gaji kunnen, ko da yake aikin malanta na kama a lakwal, wato makarantar boko. A rumfar na girma, kuma ba wanda ya koya mini, shiga kawai abin ya yi. Babur in ya wuce ta bayan aji ina koyarwa, nakan san ciwonsa kafin ƙararsa ta ɓace.

Sai ga shi kunnen Baba ya fara mutuwa. A hankali abin ya zo. Rediyonsa ta riƙa tashin maƙwabta. Ladan zai kira salla, shi yana zaune, sai ya ga mutane sun ɗauki buta sannan ya miƙe. Innarmu ta sani, ƙannena sun sani, ni na sani. Kowa ya kama bakinsa. Wa zai je ya ce wa mai rumfar kunnensa ba ya ji?

Akwai wani abokin cinikinsa na shekara da shekaru, mai sayen kifi a hannun masunta yana kaiwa ƙauyuka. Babur ɗinsa irin dogayen nan ne masu manyan haƙoran taya, da wani aikin gona na Turawa ya kawo tun muna yara. Duk ƴan uwansa sun mutu an sayar da ƙarfensu, shi kaɗai ya rage a garin, kuma hannun Baba ne ya riƙe shi. Sababbin babura masu araha sun cika gari, kowane saurayi mai turnabis na kwance kusa yana taɓa su. Amma wancan tsohon, ba mai kusantar cikinsa sai Baba. In ya ji an ce babur ɗin mai kifi ya ratsa rairayin hanyar Gabi da kwando biyu a baya, har gyara zama yake yi.

Shekarar da mai ya yi tsada a Najeriya, kwalaben man da ake sayarwa a bakin hanya suka bi shi sama, mai kifi ya zo wata safiyar bazara da kwandunansa ɗaure, kifi na ɗigar ruwa. Ranar babu lakwal, ina zaune a benci a ƙarshen rumfar.

"Maigida," ya ce da ƙarfi, don shi ma ya lura sai an ɗaga murya, "wannan abin zai cinye ni da rai. A rage masa sha, don Allah."

Baba ya ce, "Tsoho ne. Tsoho ba ya son a taɓa masa abinci."

"Haba Maigida! Kaɗan dai. Kai da kake jin numfashinsa?"

Wannan maganar ce ta kama Baba. Ya kwance karbirato, ya zazzage gwangwani a tafin hannu, ya ɗaga jiklar ɗaya ya leƙa hudarsa a hasken rana, ya ɗaura. Ya taka, babur ya tashi. Ya murɗa hannu.

Wallahi tun murɗawar farko na ji. Ƙarar ta fito busasshiya, siririya, da wani ɗan ƙyal-ƙyal a can sama kamar an jefa tsakuwa cikin kwano. Da ya saki hannu ma injin bai sauko nan take ba, sai da ya yi ta rataye. Ƙishirwa ce, ba ƙarama ba. Da Baban da ne, kafin ƙiftawar ido ya kashe shi.

Ya karkata kai kamar yadda ya saba. Ya ɗora tafin hannu a kan tanki, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Sannan ya juyo ya dube ni. Ido cikin ido, ni da bai taɓa kallo haka ba.

Na sunkuyar da kai. Abin da aka koya mini ke nan, shi na yi. Na ce a raina, in na buɗe baki gaban baƙo na gyara wa ubana aikinsa, na tona masa asiri. Na yi ta kallon ƙasa har na ji ya ce, "Ya yi. Allah ya kiyaye hanya."

Bayan azahar aka dawo da babur ɗin kwance a kan amalanken jaki. Pisto ya kama a tsakiyar rairayi, nesa da kowane gari, rana tana dukan kwanduna. Kifin ya ruɓe, warinsa ya riga amalanken isowa. Ta tsakiyar gari suka biyo, mutane suka bi su a baya har rumfa.

Mai kifi ya kwance buji da hannunsa, ya ɗaga shi sama. Fari fat. Ya ce, "Ku duba, jama'a! Makaho ma ya ga wannan. Ashe kurma na kai wa babur ɗina! Maigida, in kunne ya tafi ai sai ka faɗa, ba ka kashe mini abin neman abinci ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai, Baba bai ji rabin maganar ba. Yana tsaye yana bin bakin mutumin da ido, yana ƙoƙarin kamo ta. Wasu suka yi dariya a ɓoye. Mutanen da ya yi shekara talatin yana tashin baburansu! Ba wanda ya ce wa mai kifi ya isa haka. Ni ma ban ce ba.

Ba a sami pisto irin nasa ba, har Katsina an nema. Babur ɗin ya ƙare a hannun masu sayen ƙarfe. Daga ranar kuma ƙafa ta ɗauke daga rumfar Baba. Kullum zai fita da safe, ya share, ya jera kayan aiki, ya zauna yana kallon babura suna wuce shi zuwa wurin samari. Na ji haushin mai kifi, na ji haushin garin gaba ɗaya, na ji haushin Baba da girman kan da ya hana shi kwance buji ɗaya. Kaina ne kawai na riƙa wankewa, ina cewa ai ladabi na yi.

Gab da faɗuwar damina ya ce a tashi rumfar. Na je na taya shi kwashe kaya. Muna tafe gida da la'asar, yana gaba da akwatin kile, wato sifanoni, ina baya da gwangwanin jiklar, sai ya tsaya a tsakiyar hanya. Bai juyo ba.

"Ranar nan," ya ce, "ka ji shi?"

Na ce, "Na ji."

Ya karkato kai. "Me?"

Dole na ɗaga murya, a kan titi, mata masu ɗiban ruwa suna kallo. "Na ji, Baba!"

Ya gyaɗa kai. "Na san ka ji. Tun kana ƙarami na san kunnenka ya fi nawa. Shi ya sa na dube ka."

Na buɗe baki in ce kunya ce ta hana ni, amma dole sai na yi ihu kafin ya ji, kuma maganar ba ta kai a yi mata ihu ba. Ya miƙo hannu ya karɓe gwangwanin daga hannuna, ya ɗora a kan akwatin, ya ci gaba da tafiya da kayansa shi kaɗai.