Hannun da Yaya Sherkal Ya Dawo da Shi

Ranar da kogi ya fara cika, a shekarar nan da rundunar Masar ta ƙone birninmu Karma, aka kashe yayana Sherkal maginin tukwane a bakin ruwa, da rana tsaka, a kan idona.

Yaya, kai ba mayaƙi ba ne. Ko akuya za a yanka kau da kai kake yi, muna yi maka dariya. Kai ka riƙe ɗana Atako bayan rasuwar ubansa, ka koya masa sana'arka. Ran da wutar gashin tukwane ta cinye masa ƙaramin yatsan hannun dama, ka fi shi kuka.

Da Misirawa suka fasa ganuwa, Atako na cikin maharban da suka tare ƙofa. Misirawan suka sare shi da gatari, suka guntule hannunsa na dama, yadda suke yi wa duk wanda suka kashe don sarkinsu ya ba su tukwici. Kowa ya san wanda aka binne ba hannu haka zai tashi a can lahira, ba jan baka, ba kai loma baki. Na zauna gaban gadon da za a binne shi a kai, na ce ba mai rufe mini ɗa a haka.

Ka ce, "Tabire, share hawayenki. Ai na san hannun yaron nan."

Ka ɗauki tulun giya kamar mai talla, ka shiga sansaninsu. Hannuwa tsibi guda a rana, ƙudaje sun yi musu baƙi. Ka tona har ka samo mai yatsu huɗu, ka ruga, suka rufa maka baya. Ina jiran ka cikin kwalekwale a bakin ruwa, ka wurgo mini shi, sannan mashi ya shiga bayanka ya ɓullo ta ƙirji. Wani ƙato ya taka wuyanka, ya sare naka hannun don ya cike gurbin wanda ka ɗauka. La'anannu. Ban yafe ba, ba kuwa zan yafe ba.

Atako ya kwanta da hannuwansa biyu. Kai kuwa da guda ɗaya muka kwantar da kai.

Ina yi wa matarka Amanel da 'ya'yanka ta'aziyya, Ubangiji ya ba su haƙuri, ya jiƙan ka, ya sanyaya makwancinka. Kusa da Atako muka sa ka, Yaya. In ka ji yunwa a can, kira shi ya ba ka a baki da hannun da ka dawo masa da shi.